Zan iya tashin jirgin FPV ni kaɗai, kuma ina doka ta tsaya?

Wani ɗan'uwa ya sayi jirgi maras matuƙi irin na FPV, wato wanda ake tuƙawa ana kallon hoton kyamararsa kai tsaye a cikin tabarau mai allo, mai farfela inci 5, haɗe da tabarau da rimot. Tambayarsa biyu ce: shin zai iya fita fili shi kaɗai ya tashe shi? Kuma gaskiya ne abin da aka gaya masa, cewa jirgin da bai kai giram 250 ba babu ruwan doka da shi?

Ɗan'uwa, duka biyun amsarsu a'a ce. Kada ka fita kai kaɗai, kuma giram 250 ba ya fitar da kowa daga hannun doka, sauƙi kawai yake kawowa a wasu wurare. Amma idan na tsaya a nan za ka ɗauka tsauri ne irin na hukuma, don haka bari in nuna maka daga ina dokar ta taso.

Komai ya taso ne daga tabarau. Da zarar ka ɗora shi a fuska, abin da kyamarar jirgi take kallo shi kaɗai ne duniyarka. Ba ka ganin bayan jirgin, ba ka ganin samansa, ba ka ganin ƙarƙashinsa. Kyamarar ma ba a miƙe take ba: ana ɗaga ta sama da kamar digiri 25 zuwa 35, domin jirgin sai ya sunkuya gaba yake gudu. To idan ka rage gudu ko ka zo sauka, sai ka tarar sama kake kallo, ƙasar da za ka sauka a kanta ta ɓuya. Gilashin kyamarar kuma mai faɗin gani ne, yana nuna abu kamar yana nesa alhali ya matso. Wayar lantarki da busasshen reshe ba sa fitowa a hoto sai ka zo dab da su. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma irin naka yana wuce wannan gudun ba tare da ya ji a jikinsa ba. Sannan ga jikinka da ka bari a tsaye. Yaro zai iya zuwa ya tsaya a gabanka, mota ta shigo filin, kai kana can sama ba ka da labari.

Shi ya sa kusan duk ƙasar da ta tsara dokar jirage marasa matuƙa ta kafa ta a kan sharaɗi ɗaya: dole a riƙa ganin jirgin da ido, kai tsaye, duk tsawon tashinsa. Mai tabarau ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, sai aka buɗe masa ƙofa guda. A Amurka, dokar 2018 da ta tsara tashin nishaɗi ta ce ko dai matuƙi ya ga jirginsa, ko kuma a sami mai lura da ke tsaye tare da shi, suna magana kai tsaye. Tarayyar Turai ma haka ta yi a dokarta mai lamba 2019/947, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Disamba 2020: mai lura ya tsaya a gefen matuƙi, yana ganin jirgin da idonsa. Tabarau na gyaran ido ba laifi, amma madubin hangen nesa ba ya cikin lissafi.

Ka lura da abin da wannan yake nufi. Iyakar nisan da za ka je ba rimot ɗinka ke yanke shi ba, idon mai lura ne. Na'urorin zamani irin su ExpressLRS da Crossfire suna iya riƙe jirgi a nisan kilomitoci masu yawa, amma jirgi mai inci 5 yana zama ɗigo a 'yan ɗaruruwan mitoci, kuma da ya shiga bayan gini ko bishiya, a idon doka ya ɓace. Hotunan bidiyon da kake gani na masu gangarowa daga ƙololuwar dutse mai nisa, ko dai an yi su da izini na musamman, ko kuma an taka doka an tsira. Ba a rubuta wannan a ƙasan bidiyo.

Aikin mai lura ne mutane suka fi rainawa. Sai a ɗauko aboki a tsayar da shi, shi kuma ya zaro waya yana ɗaukar bidiyo, ko ya sa tabarau na biyu yana shan kallo. Wannan ɗan kallo ne. Mai lura na gaskiya idonsa yana kan jirgi, yana kuma zagaya sama da ƙasa, kunnensa a buɗe don ƙarar jirgi mai saukar ungulu, wanda galibi ana jin sa kafin a gan shi. Kafin ka ɗora tabarau ku daidaita kalmomin da za ku yi amfani da su, gajeru, waɗanda ba sa buƙatar bayani: "sauka", "sama", "dawo", "kashe". Kada ya ce maka "mutum a hagu", domin hagunsa daban, hagun jirgi daban, kuma jirgin yana juyawa sau da yawa a minti ɗaya. Ya ce "mutum wajen doguwar bishiya" ko "mota ta shigo ta ƙofa", wato ku yi amfani da alamomin da kuka zaga kuka gani tare da ƙafa tun kafin a sa batir. Ƙa'ida ta ƙarshe kuma ita ce ta fi wuya ga mai girman kai: idan ya ce sauka, ka sauka tukuna, tambaya ta biyo baya. Ko da ƙaninka ne, a wannan lokacin shi ne mai ido.

Sai tsayi. Amurka ta tsayar da ƙafa 400, Turai mita 120, abu ɗaya ne kusan. Japan ta sa mita 150. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: jiragen da ke ɗauke da mutane a mafi yawan lokaci ba sa saukowa ƙasa da ƙafa 500 sai wajen tashi da sauka, sai aka bar tazara tsakaninku. Sai dai masu saukar ungulu na asibiti da na 'yan sanda da na soja, da jiragen feshin gona, suna shigowa ƙasa da haka, kuma doka ta ce kai ne za ka kauce, a kowane hali. A watan Satumba 2017 wani jirgin DJI Phantom 4 ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu samfurin Black Hawk kusa da Staten Island a birnin New York. Jirgin sojan ya sauka lafiya amma farfelarsa ta lalace, kuma binciken hukuma ya nuna matuƙin ƙaramin jirgin ya tura shi inda ba ya iya ganin sa. Tsayin da yake bai wuce ƙa'ida ba, rashin ganin ne ya jawo.

A nan jirginka ya bambanta da jiragen ɗaukar hoto da ake saya a kwali. Waɗancan suna da GPS, suna nuna maka tsayi a allo, suna tsayawa cak idan ka saki sandar rimot, suna dawowa gida da kansu. Jirgin FPV da aka harhaɗa da hannu, mai aiki da manhajar Betaflight, sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ba abin da zai hana shi wuce mita 120, kuma yana iya kaiwa can cikin 'yan daƙiƙoƙi idan ka buɗe masa wuta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a cikin tabarau bai san ta ba. Ka ɗauki wani abu da ka san tsawonsa a filin ka riƙa auna kanka da shi, ko ka sa GPS da ma'aunin tsayi su riƙa fitowa a hoto. Gaskiyar magana ma daɗin FPV a ƙasa yake, tsakanin bishiyoyi da ƙofofin tsere. Sama ba abin da ke cikinta sai iska da haɗari.

Kusa da filin jirgin sama kuwa ba wurin gwaji ba ne ko kaɗan. A watan Disamba 2018 rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, abin ya shafi tashin jirage kusan 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000. Bayan haka, a watan Maris 2019, Birtaniya ta faɗaɗa yankin da aka haramta a kewayen filayen jirage zuwa kusan kilomita 5. A Amurka akwai tsarin LAANC da ake neman izini ta manhaja kafin a tashi a sararin da ke ƙarƙashin kulawar hasumiyar filin jirgi. Barikin soja, gidan yari, tashar lantarki, filin wasa ranar wasa, wurin gobara: waɗannan ma a rufe suke a mafi yawan ƙasashe. Ka nemi taswirar da hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarka ta amince da ita, ka duba ta duk ranar da za ka fita, domin akwai haramci na wucin gadi da ake sawa yau a cire gobe.

Yanzu batun giram 250. Wanda ya gaya maka ya ji wani abu, amma rabi ya ji. A Amurka, mai tashi don nishaɗi ba sai ya yi wa jirgin da bai kai wannan nauyi rajista ba. Shi ke nan abin da aka ɗauke masa. Har yanzu sai ya ci jarrabawar tsaron tashi da ake kira TRUST, wadda aka fara a 2021, sai ya bi iyakar tsayi, sai ya samo mai lura. A Turai, jirgi mai kyamara, in dai ba abin wasan yara ba ne a hukumance, sai mai shi ya yi rajista ko da nauyinsa bai kai ba, saboda kyamara tana ɗaukar mutane. Japan kuwa tun watan Yuni 2022 ta sauko da iyakar rajista zuwa giram 100. Nauyin da ake magana kuma shi ne na lokacin tashi, da batir da kyamara da komai.

Kai ma duk wannan sauƙin bai shafe ka ba, domin jirgi mai inci 5 da batirinsa da kyamarar ɗaukar bidiyo yakan kai giram 600 zuwa 700. A ƙa'idar Turai, irin wannan jirgi da aka haɗa da hannu yana faɗawa rukunin A3: babu tashi kusa da mutanen da ba sa cikin aikin, kuma a bar aƙalla mita 150 tsakaninsa da unguwanni da wuraren kasuwanci da masana'antu da wuraren shaƙatawa. A Amurka jirgin da ke buƙatar rajista sai ya riƙa watsa shaidarsa ta iska, tsarin da ake kira Remote ID, wanda aka fara tilastawa sosai a watan Maris 2024, sai fa idan a filayen da hukuma ta ware kake tashi. Amurka ta kuma raba nishaɗi da aiki: ranar da ka ɗauki bidiyo don wata sana'a, ko da ba a biya ka ba, ka koma ƙarƙashin ƙa'idar Part 107, mai buƙatar lasisi. Turai ba ta damu da niyyarka ba, girman haɗarin take dubawa. Na kawo waɗannan ne don ka ga yadda dokokin suke tunani. Wadda za ta kama ka ita ce ta ƙasar da ƙafarka take.

Akwai wata doka da sababbin shiga ba sa ma sanin tana nan, ta rediyo. Jirginka yana ɗauke da ƙaramar tashar watsa hoto a zangon 5.8 GHz. A Turai iyakar ƙarfin da aka yarda ba tare da lasisi ba miliwat 25 ne, alhali a kasuwa ana sayar da masu 800 har sama da 1,000. A Amurka yawancin waɗannan na'urori sai da lasisin rediyon 'yan sha'awa daga hukumar sadarwa ta FCC. Rimot ma haka: 868 MHz na Turai ne, 915 MHz na Amurka, idan ka musanya kana iya shiga zangon wayoyin salula. Tashoshin da masu tsere suke amfani da su guda 8 ne, daga 5658 zuwa 5917 MHz, kuma na gefe-gefen sun fita daga zangon da wasu ƙasashe suka halatta. Idan kuna tashi da wasu, kada ka taɓa jona batir alhali wani yana sama sai ka tambayi tashar da yake. Na'urarka tana kusa da tabaraunsa, jirginsa yana nesa, hotonka zai danne nasa nan take, ya makance yana tsakiyar gudu. Kuma kada ka kunna na'urar watsa hoto babu eriya a jikinta, tana iya ƙonewa.

To ta ina za ka fara? Ba da jirgin ba. Jiragen FPV ana tuƙa su ne a yanayin akro, wato jirgin ba ya daidaita kansa: yadda ka karkatar da shi haka zai ci gaba har sai ka mayar da shi da hannunka. Wanda bai saba ba yakan kifa shi cikin daƙiƙa biyar. Ka jona rimot ɗinka da kwamfuta, ka ɗauko manhajar kwaikwayon tuƙi irin su Liftoff ko VelociDrone, ka zauna a kanta har sai ka iya tashi, ka zaga, ka sauka inda ka nufa ba tare da tunanin wace sanda ce ke yin me ba. Bayan nan ni shawarata ka nemi ɗan ƙaramin nan da ake kira Tiny Whoop, mai nauyin giram 20 zuwa 30, wanda farfelunsa ke cikin zobe. Idan ya bugi mutum ba wani abin kirki zai yi masa ba. Mai inci 5 kuwa farfelarsa tana juyawa wajen sau 30,000 a minti, tana tsaga fata har ƙashi. Idan yana gudun kilomita 100 a awa da nauyin giram 700, ƙarfin bugunsa ya kai jul 270 (jul shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), alhali ƙa'idar Turai tana ɗaukar jul 80 a matsayin iyakar da ya kamata a fara damuwa.

Kafin tashin farko akwai gwaji ɗaya da ba a tsallakewa: me jirgin zai yi idan sigina ta yanke? Cire farfelu duka huɗu. Jona batir, kunna injinan, ka ɗan ɗaga sandar da ke ƙara wa injina wuta, sannan ka kashe rimot. Injinan su tsaya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan suka ci gaba da juyawa, wannan jirgin ba zai tashi ba sai an gyara, domin ranar da sigina ta yanke a sama zai kama gabansa har batir ya ƙare. Ka kuma gane abin da wannan saitin yake nufi: jirgin faɗowa zai yi inda yake. Saboda haka duk inda ka bi da shi, ka tambayi kanka ko ka yarda ya faɗo a nan. Kan titi, kan rufin mutane, kan taro, amsar a bayyane take. Cire farfela kuma ya zama ɗabi'a duk lokacin da jirgi yake kan tebur da batir a jiki. Maɓallin kashe injina ya kasance ƙarƙashin yatsan da ba ya barinsa, ka saba da danna shi tun kafin jirgin ya taɓa ƙasa idan ka ga faɗuwa ta tabbata.

Hoton ma yana yankewa. Zangon 5.8 GHz ba ya ratsa siminti da ganye mai kauri yadda ya kamata. Tsohon tsarin analog yana gargaɗi, hoton ya fara yayyafi kaɗan-kaɗan, ka gane ka juya. Tsarin dijital na DJI ko Walksnail ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma yana iya dushewa ko ya daskare farat ɗaya. Idan hoto ya tafi kana ƙasa-ƙasa a fili babu kowa, ka kashe injina. Farfela da hannun jirgi ana sake su.

Batir ne abin da ya fi ƙona gidaje a wannan harka, kuma ba a sama yake yi ba, a ɗaki yake yi. Batirin LiPo, irin wanda waɗannan jirage ke amfani da shi, haɗin ƙananan batura ne da ake kira ɗakuna, kowane ɗaki nasa cikarsa volt 4.2 ne, mai ɗaki 6 ke nan 25.2. Ka sauka idan ɗaki ya kusa 3.5, wanda a jirgi irin naka minti 3 zuwa 5 ne kawai. Idan ba za ka tashi ba cikin 'yan kwanaki, ka ajiye shi a 3.8, domin barinsa a cike yana kumbura shi. Caji kuma da caja mai daidaita ɗakuna, a kan siminti, nesa da labule da katifa, kana wurin. Ba a sa shi a tafi barci, ba a barinsa cikin motar da ke rana. Bayan kowace faɗuwa ka duba shi da kyau: idan ya lotsa, ko ya kumbura, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi, ka fitar da shi waje ka ajiye a kan ƙasa ko cikin yashi, ka sa masa ido, domin wuta tana iya tashi bayan mintoci. Wanda ya lalace a sauke cajinsa gaba ɗaya kafin a kai shi wurin tattara batura. Idan za ka hau jirgin sama, batura a jakar hannu suke tafiya, an rufe bakin wayoyinsu, kuma iyakar da aka saba ita ce 100 Wh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) ga kowane ɗaya. Mai ɗaki 6 na 1300 mAh bai kai 29 Wh ba, don haka ba matsala ta nan.

Matsalar tana iya kasancewa a inda za ka sauka. Akwai ƙasashe, Maroko misali, da jami'an kwastan suke karɓe jirgi maras matuƙi tun a filin jirgi. Kuma tun da yaƙin Yukiren ya mayar da jiragen FPV makami, jami'an tsaro a wurare da yawa sun daina kallon mai tabarau a matsayin mai wasa. Ka riƙa yawo da takardar rajistarka da shaidar jarrabawa, lambarka tana manne a jikin jirgi. Fili mai mai shi, ka nemi izininsa. Idan wani ya zo yana tambaya kana sama, mai lura ya ce masa ya dakata ka sauka, sannan ka cire tabarau ka yi masa bayani, ka ma ba shi ya leƙa. Idan ya ce ba ya son jirgin ya bi ta saman gidansa, ka canza hanya, ko da taswira ta ce wurin a buɗe yake. Inshorar ɓarnar da za ka iya yi wa wani kuma ka bincika ta: wasu ƙasashe, kamar Jamus, sun wajabta ta, kuma ƙungiyoyin masu ƙananan jirage da yawa suna haɗa ta cikin rajistar zama mamba, tare da filin da aka riga aka amince a tashi a cikinsa.